Kwana Biyu, Da Sauƙi, To: Darasin Farko Na Ɗalibin Likita A Sashen Tiyata

Kalmar tiyata baƙuwa ce a Hausa, amma ta daɗe da zama 'yar gari. Asalinta sunan ɗakin da ake yin aikin ne a Turance, sai Bahaushe ya karɓe ta ya faɗaɗa mata gida, ta zama sunan ɗakin, ta kuma zama sunan aikin kansa. A gefenta akwai fiɗa, wadda har gobe ake jin ta a gidajen rediyo idan an ce likitan fiɗa. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya san abin da ake feɗewa, ya kuma san cewa abin da aka feɗe ba ya tashi. Shi ya sa a bakin gadon majinyaci ba kasafai ake jin ko ɗaya daga cikin biyun ba, cewa ake yi za a yi masa aiki. Kalmomi uku ke nan a kan abu ɗaya, kuma kowace da irin faɗuwar gaban da take jawo wa mai sauraro. Babu darasin da ke koya wa ɗalibin likita wadda zai ɗauka daga cikinsu, ko a gaban wa, ko a wane lokaci. A kan wannan giɓi nake so mu tattauna da mai karatu a wannan mako.

Ni ba likita ba ne, fagena nazarin harshe ne. Abin da ya jawo hankalina ga batun shi ne ɗan yayata, haifaffen Bacirawa, a arewacin Kano, inda gida da gona suke kafaɗa da kafaɗa, ba a barin ko taƙi ɗaya na ƙasa ya kwana babu gero ko dawa ko wake a kansa. Yaron ya tashi da fartanya a hannu, Allah Ya ba shi ƙwaƙwalwa, ya sami gurbin karatun likita, kuma a bana ya fara zaman koyon aiki a sashen tiyata na ɗaya daga cikin asibitocinmu na koyarwa. Duk ƙarshen mako idan ya biyo ta wurina, labarin da yake kawowa rabinsa na jini da wuƙa ne, rabinsa kuwa, ba tare da ya lura ba, na fagena ne.

Ga wanda bai san tsarin ba, karatun likita a Najeriya shekara 6 ne. Ɗalibi yakan share kusan rabinsu tsakanin aji da ɗakin gwaje-gwaje, yana haddar sunayen ƙasusuwa da tsoka da yadda gaɓoɓi ke aiki, yana koyo a jikin gawa. Sai ya tsallake wata babbar jarrabawa wadda ta sha kayar da gwanaye, sannan a ba shi farar riga a tura shi asibiti, ya riƙa zagaya sassa: tiyata, cututtukan manya, yara, mata da haihuwa. Duk wannan da Turanci ake yi, da Turancin ma wanda rabinsa Latin ne da Girkanci. Kuma gawar da ya saba da ita ba ta magana, ba ta jin kunya, ba ta da miji a bakin ƙofa, ba ta tunanin kuɗin taki.

Abin da ɗalibai suka fi tsoro kafin su fara shi ne ɗakin tiyata kansa, kuma shi ne ya fi saurin zama jiki. Ana koya musu wanke hannu har gwiwar hannu na tsawon mintuna, da sa riga da safar hannu ba tare da sun taɓa komai ba, da tsayuwa inda ba za su tare wa kowa hanya ba. Akwai sista mai kula da ɗakin, wadda ko babban likita yana shakkarta. Akwai ƙaurin na'urar da ake ƙone bakin jijiya da ita don tsayar da jini, wanda ɗan yayata ya ce ba shi da maraba da ƙaurin babbakar kan rago ranar layya. Akwai tsayuwar awa uku ana riƙe da ƙarfen da ke buɗe bakin yanka, hannu ya sage, ba damar sosa hanci. A kusan kowane rukuni akan sami wanda jiri zai kwashe shi a makon farko, a fitar da shi a ba shi ruwa, abokai su yi ta tsokanarsa har ya gama makaranta. Wannan duk mai wucewa ne. Cikin wata guda ido ya saba, ƙafa ta saba.

Abin da ba ya wucewa da sauri shi ne aikin da ake ba su tun ranar farko, wato ɗaukar tarihin ciwo. Kowane ɗalibi za a ba shi gado biyu ko uku, ya zauna da majinyaci ya tambaye shi abin da ke damunsa, tun yaushe, a ina, yaya yake ji, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, sannan ya rubuta a folda, washegari ya tsaya gaban babban likita a lokacin zagaye ya karanto. Malaman likitanci kansu suna nanata wa ɗalibai cewa mafi yawan gane cuta daga wannan hira yake fitowa, kafin a kai ga hoto ko gwajin jini. To, a nan gizo yake saƙarsa: da Hausa ake tambaya, da Hausa ake amsawa, da Turanci ake rubutawa. Tsakanin kunne da alƙalami akwai fassara, kuma mai fassarar yaro ne ɗan shekara 21 da ba a taɓa koya masa tafinta ba, ba a ma taɓa gaya masa cewa tafinta yake yi ba.

Ga misali na farko da ya kawo mini. Wani dattijo manomi ya zo da kumburi a matsematsi. Abokin karatunsa, Bahaushe ne uwa da uba, amma tun daga nazare Turanci yake ji, ya tambaye shi: "Baba, tun yaushe abin ya fara?" Dattijo ya ce: "Ai ya kwana biyu." Ɗalibi ya rubuta kwana 2. Da aka zo zagaye, babban likita ya dubi girman abin ya dubi folda, ya juya ga dattijon ya ce: "Baba, damina nawa kuka yi da shi?" Dattijo ya ƙirga ya ce uku, wannan ce ta huɗu. Ɗan yayata ya ce mini: "Kawu, ni da na ji kwana biyun nan na san shekaru ne, domin haka ake faɗa a gidanmu, amma ban taɓa tunanin abu ne da za a iya kuskurewa ba."

Ana iya yin dariya, amma bambancin ba na dariya ba ne. Ƙabar da ta shekara uku tana fita tana komawa, ana iya sa mata rana, a jira mai ita ya kai amfanin gona gida ya sayar da wake ya haɗa kuɗi, kamar yadda manoman yankinmu suka saba, domin ba mai yarda a kwantar da shi ana tsakiyar noma. Amma kumburin da ya fito kwana 2 da suka wuce, ya ƙi komawa, ga amai ga ciki ya ɗaure, wannan yana iya zama hanji ne ya maƙale jini ya daina kai masa, kuma a cikin sa'o'i yake fara ruɓewa. Ɗaya na jiran kaka, ɗaya ba ya jiran asuba. Manomi ba da kalanda yake auna ciwo ba. Da damina yake aunawa, da girbi, da azumi, da sallar layya, da shekarar da aka aurar da wance. Wanda ya san haka, da irin wannan ma'auni zai yi tambaya.

Na biyu shi ne da sauƙi. A al'adarmu, yaya jiki gaisuwa ce kafin ta zama tambaya, kuma amsarta ɗaya ce ko da mutum yana kan gargara. Wanda aka gaishe shi ya ce babu sauƙi, za a ga kamar ya kasa haƙuri da hukuncin Ubangiji. Ɗalibin da ya zo da safe wurin wanda aka yi wa aiki jiya, ya ce "Yaya jikin?", aka ce masa "Da sauƙi, Alhamdu lillahi", ya rubuta cewa majinyaci ya ce ya sami sauƙi, to gaisuwa ya rubuta a matsayin bayani. Dole sai an gama gaisuwar tukuna, a ba ta haƙƙinta, sannan a shiga tambaya ta biyu: kun yi barci, kun yi tusa, fitsari fa, nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi ciwo. Ita kanta tambayar tusa, wadda likitan tiyata ba ya rabuwa da ita domin ita ce alamar hanji ya farka bayan aiki, sai an san yadda yaro zai yi wa sa'an kakansa ita. Ɗan yayata ya ce shi "iska ta fita?" yake cewa, kuma ana gane shi.

Daga nan sai sassan jiki. Hausa ba ta da talauci a nan, kamar yadda wasu 'yan boko ke zato. Je ka wurin mahauci ka ji tumbi da saifa da matsarmama da ƙoda da tantani, kowanne da sunansa. Matsalar ita ce Hausa da Turancin likita ba wuri ɗaya suka yanka jikin mutum ba. Jijiya a wurinmu ta haɗa hanyar jini mai fita daga zuciya, da mai komawa, da wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Abubuwa huɗu da likita ba ya taɓa haɗa su. Ƙafa ta tashi daga cinya har tafi, hannu daga kafaɗa har farce, don haka "za a yanke ƙafa" ba ta gaya wa mutum ko yatsu zai rasa ko gwiwa. Zuciya kuwa ita ce uwar rikici: zuciyata tana tashi amai ne, zuciyata ta ɓaci fushi ne, ciwon zuciya yana iya zama na asibiti, yana iya zama na kishiya. Gwaiwa a bakin jama'a ta haɗa hanjin da ya zurara ƙasa da ruwan da ya taru, alhali aikinsu daban ne, haɗarinsu ma daban. A ɗaya ɓangaren, Hausa ta fi abin da ɗalibai ke zato wadata wajen sifanta ciwo: akwai murɗa, akwai suka, akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai sara. Mai cewa cikinsa yana murɗa yana saki ya riga ya gaya wa likita rabin abin da yake nema, domin haka toshewar hanji take yi. Amma idan duk aka tattara su aka rubuta ciwon ciki, an zubar da abin da majinyaci ya kawo kyauta.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ci da sha. Ƙa'idar masu ba da maganin barci ita ce a nisanci abinci da nono awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, saboda idan mutum ya yi barcin allura da abu a tumbinsa, yana iya dawowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. An aiki ɗalibi ya gaya wa wata tsohuwa. Ya ce: "Iya, daga tsakar dare kada ki ci komai." Ta ce to. Da safe aka zo ɗaukarta, nas ta tambaya ko ta ci wani abu, ta rantse ba ta ci ba, kuma gaskiya ta faɗa. Koko kawai ta sha, kofi guda, da jikarta ta kawo mata don kada a shiga da ita da yunwa. A Hausa ba a cin koko, ba a cin kunu, ba a cin fura. Kai, ko rake da mangwaro da lemo shan su ake yi. Allah Ya sa an gano, aka ɗage aikin, gadon tiyata ya tafi a banza, iyalin suka ƙara kwanaki suna kwana a baranda. Ba tsohuwar ce ta yi laifi ba, ba kuma yaron ba. Jimlar Turanci ce aka juya ta kalma da kalma, ta bar ƙofa a buɗe. Da an ce "kamar mai azumi, ba ci ba sha", da magana ta ƙare, domin babu tsohuwar da ba ta san iyakar azumi ba.

Duk waɗannan ƙananan ne idan aka kwatanta da takardar amincewa. Kafin a yi wa mutum aiki, wajibi ne a yi masa bayanin abin da za a yi, da amfaninsa, da haɗarinsa, da abin da zai biyo baya idan ya ƙi, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Takardar da Turanci take. Likitocin da ke da alhakin bayanin kaɗan ne, layin kuma dogo ne, don haka sau da yawa wanda ya fi kusa kuma yake jin Hausa shi ke zama bakin likita: nas, ko ɗalibi, ko ɗan'uwan majinyacin gadon kusa. A ƙarshen bayani majinyaci zai ce to. Ni kuwa a matsayina na ɗalibin harshe ina da ja a kan wannan to ɗin. To tana nufin na ji. Tana nufin ci gaba. Tana nufin ba zan yi musu da babba ba. Idan aka ja ta, tana nufin ban gamsu ba amma ya zan yi. A wasu lokuta kawai take nufin na yarda. Talakan da ya zo daga ƙauye, ya ga farar riga, ya ga ana magana a kansa da harshen da ba ya ji, to ɗinsa ta ladabi ce, kuma ladabi ba amincewa ba ne.

Doka ma ba ta ɗauke shi amincewa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majinyaci halin da yake ciki da zaɓin da ke gabansa, ta kuma ce a yi hakan, gwargwadon iko, da harshen da yake fahimta, tare da la'akari da matsayin karatunsa. Tun kafin nan, a 2001, Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Dokta Okonkwo cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani. Wanda bai fahimci abin da aka ce ba, ta yaya zai ƙi, ta yaya kuma zai yarda? Mu a Kano bai kamata a ce sai an tuna mana ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa an yi wa iyaye bayani da baki kuma sun amince. Iyayen suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Shari'ar ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009, amma kafin nan ɓarnar ta riga ta yi nisa, domin labarin yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a 2003. Duk inda gaskiyar take, tsakiyar rigimar tambaya ɗaya ce: me aka faɗa, da wane harshe, kuma me aka ji?

Akwai kuma kalmomin da suke zuwa asibiti da kayansu a ka. Basir, wadda muka aro daga Larabci, a bakin masu tallar magani a tasha ta haɗiye komai: taurin bayan gida, zubar jini, ciwon baya, har da raunin mazakuta. Mutum yakan shekara yana shan jiƙo a kan basir, alhali ƙari ne ke girma a dubura. Daji kuwa ta fi haka nauyi, domin sunan ya zo da imanin cewa ciwon ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, idan aka taɓa shi sai ya fusata. Ɗalibin da ya ce wa mace "dajin mama ne, za a yi aiki", a zatonsa ya fassara sunan cuta ne kawai. A kunnenta kuwa ya gaya mata sunan abin da aka hana kai wa asibiti, sannan ya ce za a sa masa wuƙa. Da daddare sai a naɗe tabarma a tafi, a dawo bayan wata takwas lokacin da babu abin da wuƙa za ta iya. Idan aka yi aikin a makare mai ciwon ya rasu, sai imanin ya ƙara ƙarfi a ƙauye. Haka nan wanda za a yi wa allurar baya, idan aka ce masa za a kashe rabin jikinsa, kada a yi mamaki idan ya nemi takalmansa. Ba yau aka fara lura da irin wannan ba. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ya wallafa littafi a kan magani da lafiya a wurin Hausawa a 1988, ya nuna cewa sunayen cututtukanmu tsari ne mai zaman kansa, ba gurguwar fassarar na Turawa ba. Mutumin daga baya ya zama likitan mata mai aikin yoyon fitsari. Ina shakka idan ɗalibanmu na likitanci 10 cikin 100 sun taɓa jin sunan littafin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A jihar Fulorida ta Amurka, a 1980, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa masu jin Sifaniyanci suka yi amfani da wata kalma da ke nufin ya ci abin da ya ɓata masa ciki, aka fahimce ta da ma'anar ya yi maye da ƙwaya. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, ya shanye hannu da ƙafa, aka yi sulhu a kan dala miliyan 71. Bambancinmu da su shi ne can an kai ƙara an rubuta, a nan kuwa sai a ce kwana ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a kowace tiyata a 2008, tambayar farko da ta sa ita ce ko majinyaci ya tabbatar da sunansa, da wurin da za a yi aikin, da irin aikin, da amincewarsa. A gwajin da aka yi a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8. Ba sabuwar na'ura aka kawo ba, magana ce aka tsara. A Afirka ta Kudu kuma, Jami'ar Kef Tawun ta sa harsunan Kosa da Afirkans cikin manhajar ɗaliban likita tun farkon shekarun 2000, Jami'ar Kwazulu-Natal ta wajabta Zulu ga sababbin ɗalibanta daga 2014.

Ba ina kiran a koma koyar da likitanci da Hausa ba ne, ko da yake Siriya ta daɗe tana koyar da shi da Larabci. Likitanmu yana buƙatar Turanci don ya karanta abin da duniya ke rubutawa, kuma wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da nake nema ya fi haka araha nesa ba kusa ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 1988, da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, da Asibitin Murtala da ke cikin birni, ga na Shika a Zariya, ga na Sakkwato. A jami'o'in da ke tura ɗalibai waɗannan wurare akwai sassan Hausa da na kimiyyar harshe cike da furofesoshi, tafiyar mintuna ce a mota tsakaninsu da tsangayar likitanci. Muna da ƙamusun Bargery na 1934 mai ɗauke da tsofaffin sunayen cututtuka da gaɓoɓi, muna da Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Me zai hana a ware awa biyu a mako, a zangon da ɗalibai za su fara shiga asibiti, a koya musu Hausar bakin gado? Ba ga waɗanda suka zo daga Kudu kaɗai ba, waɗanda su ma sau da yawa sun fi taka-tsantsan domin sun san ba su iya ba. Har da 'ya'yanmu, musamman ma su, domin jin harshe a gida daban, iya aiki da shi daban, kuma Hausar unguwannin masu hali ba ita ce ta Bacirawa ba. Sannan a sa abin cikin jarrabawa, a kawo wanda zai zauna a matsayin majinyaci ya ce kwana biyu, a ga abin da ɗalibi zai rubuta. Ɗalibi ba ya ɗaukar abin da babu maki a kansa da muhimmanci. Wannan kam na sani daga aji na.

Takardar amincewa ma a mayar da ita Hausa, da boko da ajami, a kuma naɗi muryarta a waya don wanda ba ya karatu, tunda yanzu da wuya a sami gidan da babu waya. A koya wa ɗalibi kada ya tsaya a kan to, ya ƙara da cewa: "Baba, idan kun koma gida aka tambaye ku, me za ku ce an ce za a yi muku?" Abin da dattijo ya maimaita, shi ne abin da ya ji. A kuma daina sa yaro ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan ciwon mara, ko suruki ya yi wa surukarsa, domin kunya za ta tace bayanin kafin ya iso, kamar yadda takan sa mace ta tsallake ɗan fari idan ana ƙirga mata haihuwa.

Zaman da za a yi don tsara waɗannan kalmomi ba na likitoci da masana harshe kaɗai ba ne. Sai an gayyato tsofaffin nas-nas, waɗanda suka shekara talatin suna wannan fassara ba tare da an taɓa tambayarsu yadda suke yi ba. Sai an gayyato mahauta da wanzamai da masu ɗori da ungozomomi, ba don a karɓi duk abin da suke yi ba, sai don su ne jama'a suka fara jin sunayen nan a bakinsu. Sai kuma malaman fiƙihu. Ɗan yayata ya ba ni labarin wani magidanci da za a fitar wa hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, a ɗaura masa jaka. An yi masa bayanin kwanakin da zai yi, da kuɗin jakar, da yadda za a mayar da hanjin daga baya, duk ya saurara bai ce uffan ba. Da manya suka wuce gado na gaba, sai ya riƙo rigar yaron ya ce: "Ɗana, to alwalata fa? Zan iya bin jam'i da wannan abu?" Littattafan fiƙihunmu suna da babi a kan wanda abu ke fita daga jikinsa ba da ikonsa ba, kuma sun yi masa rangwame. Yaron ya san haka daga makarantar allo da ta zaure, ba daga littafin tiyata ba, ya gaya masa iyakar abin da ya sani, ya kuma ce ya aika a tambayi limamin garinsu. Washegari da hantsi ƙanin mutumin ya dawo da amsa, aka kawo takarda ya dangwala.